Haƙori Talatin da Bakwai

Saura ƙiris ban rubuto muku wannan ba. Tun jiya nake ɗaukar waya ina ajiyewa, in zauna a kan keken ɗinki in tashi, in leƙa taga ban san abin da nake nema ba. A wannan karon ba ni kaɗai ce a cikin labarin ba, akwai Babana, kuma ban taɓa faɗin laifinsa a gaban kowa ba. Amma kun biyo ni tun ranar da Mai Agogo ya fara rako ƙanwarsa karɓar ɗinki, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba hannunsa kamar jirgi zai tafi ya bar shi. Ba zan ɓoye muku yanzu ba.

Ga waɗanda suka shigo daga baya: ni ce ƙarama a gidanmu, kowa Auta yake ce mini. Karatuna bai wuce firamare ba, ɗinkin mata nake yi a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Wata takwas ke nan Mai Agogo yana zuwa wurina, iyaye sun shiga maganar, rana kawai ta rage a sa. Mama na ji da shi, duk wadda ta shigo sai ta gaya mata ma'aikacin gwamnati ne. Sau ɗaya Baba ya tambaye shi wane ofis, ya faɗi wani dogon suna mai kasuwa a ciki. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗauka masu duba sikeli ne, ya ce shi nasa sikelin bai taɓa cin giram ɗin kowa ba. Gaskiya ya faɗa kuwa.

Baba yana da shaguna biyu na ɗura iskar gas ta girki. Shekara biyu ke nan idonsa ya fara hazo, rubutun waya ya gagare shi, sai na zama idonsa. Ni nake karanta masa saƙo, ni nake rubuta amsa. A wayar akwai wani guruf mai suna Dangi, mutum shida ne a ciki, duk masu gas ne na yankinmu. Babbansu shi ne wanda suke kira Babban Yaya, mai tankar da ke kawo musu kaya su duka. Dokarsa ita ce ba a tura murya a guruf ɗin, rubutu kawai. Shi ya sa komai ya bi ta hannuna.

Duk bayan 'yan makonni Babban Yaya zai rubuto: "Jaririya ta fito da haƙori biyu, ranar Laraba." Wani lokaci ɗaya, wani lokaci uku. Sai kowa ya amsa da "Allah ya raya." In karanta wa Baba, ya ce in amsa, in amsa. Daga nan ya fita tsakar gida ya kira ma'aikatan shagunansa da kansa, ni kuma in koma kan ɗinkina.

Ku yi dariya in kuna so, na cancanta. Ni har ga Allah na ɗauka jikar Babban Yaya ce. Abin ma burge ni yake yi, a ce manyan maza shida suna bin lafiyar 'yar jaririya haka. Bara har riga na ɗinka mata, rawaya mai leshi a wuya, na ba Baba ya kai. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce Auta ke nan, Allah ya shirya min ke.

Ranar Asabar da la'asar Mai Agogo ya zo. Na sa doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan maɓallai a hannu, wadda na ɓata kwana uku a kanta, na yafa farin mayafi. Shi kuma farar shet ce ya naɗe hannunta. Muna falo, fankar nan tamu mai ƙas-ƙas tana juyawa, wayar Baba tana caji a kan hannun kujerar da nake. Kun san ni, in ya zo bakina mutuwa yake yi, sai in yi ta wasa da gefen mayafi yana ta ƙoƙarin jawo ni hira. Ranar sai na ce bari in kawo tawa hirar ko sau ɗaya, kada ya gaji da ni. Na ba shi labarin jaririyar da rigar da na ɗinka.

Ya ji daɗi ƙwarai da na yi magana mai tsawo. Ya ce, "Wannan yarinya ba ta da aiki sai haƙori? Ba ta rarrafe, ba ta tafiya? Yanzu guda nawa take da su?"

Ban taɓa haɗawa ba. Na jawo wayar, na koma can sama, na fara ƙirgawa da yatsu yana taya ni. Da muka kai ashirin ya ce to ai ta gama, bakin yaro ya cika. Na ce da saura. Da muka wuce talatin da biyu ya ce wannan ba jikar mutum ba ce, 'yar kada aka haifa musu. Ina dariya na juya masa fuskar wayar don ya ga ba ƙari na yi ba. Talatin da bakwai.

A nan ya ga sunayen, yadda na adana su da kaina: Gas Bakin Gada, Gas Layin Asibiti, Gas Bayan Tasha. Na ga dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Ya tambaye ni wace rana haƙorin ƙarshe ya fito. Na ce Larabar da ta wuce. Sai ya ce ranar Laraba ƙanwarsa ta zaga shago huɗu da tukunyar gas ɗinta tana neman sauƙi, duk ta tarar sun ƙara kuɗi, kuma ƙari iri ɗaya.

"Kife wayar nan," in ji shi. "Don Allah kada ki sake nuna min."

Na kife ta.

Ya yi min bayani a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce ofishinsu ba na sikeli ba ne. Hukuma ce da gwamnati ta kafa don hana 'yan kasuwa haɗa baki. Ya ce kowa na da ikon sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama, tsada ba laifi ba ce. Laifin shi ne masu sana'a ɗaya su zauna su yanke farashi tare, ta yadda mai saye duk inda ya juya hannu ɗaya ne a aljihunsa. Hukuncin tara ce mai nauyi, ana iya rufe shago, wani lokaci har kotu. Ya ce babu wata jaririya, Auta. Kowane haƙori ƙari ne a kan kilo.

Na ce ai Baba ba ya cutar kowa. Ya ce bai ce Baba mugu ba ne.

Sai ya faɗi abin da ya fi tsaya min a rai. Ba zai iya yin kamar bai gani ba. Ranar Litinin da safe dole ya shiga wurin shugabarsa ya gaya mata abin da ya gani da kuma alaƙarsa da gidanmu, don a cire hannunsa daga duk wani abu da ya shafi gas. Daga nan ba zai zo ba, ba zai kira ba, sai an gama, don kada a ce shi ya tsegunta mana wani abu. Abu biyu kawai zai iya gaya min, domin ba sirri ba ne, har a rediyo ana sanarwa. Na farko, a irin wannan haɗin baki, wanda ya riga kowa zuwa ya kai kansa da shaidarsa ana yi masa babban sassauci, na biyu kuwa ba ya samun irinsa. Ɗayan kuma, goge shaida laifi ne daban, wani lokaci ya fi na farkon muni.

Ya tashi bai sha lemon da na kawo ba. A bakin ƙofa ya juyo kamar zai ƙara wani abu, sai ya duba agogo ya tafi.

Ranar Lahadi ban iya ɗinka komai ba. Na ɗinka hannun rigar wata a baibai sau biyu, na farke, na ajiye. Da hantsi maƙwabciyarmu mai gyaran gashi ta shigo aron almakashi, tana warin hayaƙi. Ta ce ta koma gawayi tun watan jiya, tukunyar gas ɗinta ta zama kujera, ɗanta mai asma kuwa sai ta kai shi gidan yayarta in za ta yi girki. Ba da wata manufa ta faɗa ba, hira ce kawai. Na miƙa mata almakashin ban iya kallonta ba. Sau goma sha wani abu na rubuta "Allah ya raya" da wannan yatsan.

Da ta fita na shiga kicin na gaya wa Mama komai. Na zaci za ta yi mamakin jaririyar. Ko wuƙar hannunta ba ta ajiye ba, ta ce kowa a gidan nan ya san ma'anar haƙori sai ni. Abin da ya sa ta ajiye wuƙar shi ne jin cewa na nuna wa Mai Agogo.

"Shekara nawa muna fama ki buɗe baki a gaban mutane, ranar da kika buɗe sai kika buɗe da gidanmu."

Ta yi faɗa mai yawa, ba da ƙarfi ba don kada Baba ya ji. Ta ce wa ya sani ma ko tun farko abin da ya kawo shi ke nan, wane namiji ne zai yi wata takwas yana zama da yarinyar da ba ta magana in ba wani abu yake nema ba. Wannan ta shige ni. Daga baya kuma ta sauko, ta kama hannuna, ta ce in kira shi in yi masa kuka. In yana sona da gaske ai takarda ce, a sa ta a ƙasan wasu takardun. Ta ce mace ba ta rasa yadda za ta juya wanda ke sonta, in kuma na kasa wannan to me zan iya a gidan aure.

Na koma ɗaki na buɗe saƙonninmu ni da shi tun daga na farko. Wata takwas na bi ɗaya bayan ɗaya ina neman inda ya taɓa tambaya ta gas. Wuri ɗaya na samu. Ya ce, "Warin nan da ke jikin kayan Baba ba ya sa miki ciwon kai?" Sauran duk ko na ci abinci, ko allura ta sake soke ni, da hoton wani maɓalli da ya tsinta a mota ya ce ya tuna da ni. Na rubuta masa "Don Allah", na tsaya ina kallon kalmomin biyu. Ban san abin da zan roƙa ba wanda in ya yi min zan ci gaba da ganin girmansa. Ban tura ba.

Wajen ƙarfe biyar wayar Baba ta yi ƙara. Babban Yaya ne. "Baƙi sun je ma'ajiya ranar Juma'a, sun tafi da littattafai. Kowa ya yi wa jaririya wanka yau, tas." Kafin in kai wa Baba, sai ga wani ɗan rubutu a ƙasa: Gas Bayan Tasha ya fita daga guruf. Bai ce Allah ya raya ba, bai ce komai ba.

Na sami Baba a tsakar gida a kan kujerarsa ta roba, ya cire hula yana shan iska. Na durƙusa na karanta masa. Mama ta riga ta gaya masa abin da na yi, na gani a yadda bai ce "Auta ta Baba" ba. Amma bai yi min faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce in zauna. Ya ce shekara uku da suka wuce kowa karya farashi yake yi don ya kashe ɗan'uwansa, saura kaɗan ya rufe shago ɗaya ya sallami mutum huɗu. Babban Yaya ne ya tara su ya ce a daina yanka juna. Da farko don a tsira ne. Daga baya haƙoran suka fara fitowa ko kaya bai tashi ba. Na tambaye shi matar nan da ta buɗe shago kusa da makaranta tana sayarwa da sauƙi, wadda ta rufe bayan wata biyar. Ya ce tanka ce ta daina zuwa mata. Na ce wa ya hana. Ya ce an yi shawara. Bai ce yana wurin ba, bai ce ba ya wurin ba.

Na tattaro duk ƙarfin da nake da shi na gaya masa maganar sassaucin da ake yi wa wanda ya fara kai kansa. Na ce Baba, na Bayan Tasha ya fita, ina jin hukumar zai je. Ya ce shi ba zai zama wanda ya kai abokan cin abincinsa ƙara ba, da wane ido zai kalli mutane. Kuma in Babban Yaya ya janye tanka, da me zai ɗura wa mutane, da numfashinsa? Ya miƙo min wayar.

"Wankan nan, gogewa ake nufi. Ki share guruf ɗin duka, da duk abin da ke ciki. Ni ba na gani, da ban sa ki ba."

Na karɓa. A rayuwata ban taɓa ce wa Baba a'a ba, ban san ma ta inda ake farawa ba. Na ce to.

Na shiga ɗakin ɗinki na rufe. Na danna guruf ɗin har akwatin tambaya ya fito, in goge ko in fasa. Na ajiye a kan keke, na share ɗakin da na riga na share, na jera zarurruka daga fari zuwa baƙi, na dawo na tarar tambayar tana jirana. Mama ta ƙwanƙwasa ta ce an gama? Na ce saura kaɗan. A lokacin saƙo ya shigo tawa wayar, daga Mai Agogo: "Wannan ne na ƙarshe sai an gama. Ana buɗe ofis ƙarfe takwas, ni tara zan shiga wurin shugaba, kamar kullum. Ban canja ba, Auta." Na karanta ya fi sau goma. Ban sani ba ko lokacin aikinsa kawai yake faɗa min, ko awa ɗaya ce ya ajiye min a bakin ƙofa. Har yau ban tambaye shi ba.

Abin da na yi ta juyawa shi ne wannan: duk saƙon da ya fita daga wayar nan, ni na rubuta shi. In an goge a wayar Baba, yana nan a wayoyi biyar, ɗaya kuma wataƙila tana hanyar ofis. Za a ga amsoshin Baba a can, a zo a tarar tasa wayar fes. Sai ya zama mai laifi biyu, na biyun kuma da hannuna. Na danna fasa.

Washegari na riga kowa tashi. Na goge wa Baba rigarsa ruwan toka wadda yake sawa in zai je banki, na goge takalminsa, na ɗora hularsa a kai. Na sa baƙar doguwar rigata da mayafin fita. Wayar na cika ta da caji na sa a jaka, na zuge. Ƙarfe bakwai na kai masa shayi, na ajiye kayan a gefen gado, na durƙusa. Mama na tsaye a bakin ƙofa, ta ga mayafin ta ce ina zuwa da sassafe.

Na juya wajen Baba.

"Baba, ban goge ba. Ka yafe min."

Ya ajiye kofin.

"Hannuna ne ya rubuta su duka. In an zo tambaya wa ya rubuta, ni za a nuna, in an tambayi wa ya goge, ni ce dai. Gara in je da ƙafata in faɗa. Amma ka san ni, in na ga mutane bakina rufewa yake yi. Kai kuma in an ba ka takarda ba ka gani. In mun je tare, ni in karanta, kai ka yi magana."

Mama ta fara cewa yarinyar nan ta haukace, wancan ɗan ofis ɗin ya juya mata kai. Baba ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya juyo da fuskarsa wajena, da idanun nan nasa masu hazo, ya daɗe. Ina jin sai a lokacin ya tuna cewa ido da yatsan da ya ara na 'yarsa ne. Bai ce zai je ba. Bai kuma ce in ba shi wayarsa ba, ko da yake na jira ya faɗa, kuma da ya faɗa ban san abin da zan yi ba.

Na tashi na fita. Na taka har bakin titi. Masu shaguna suna ta ɗaga ƙofofi, mai gyaran gashi tana hura gawayi a ƙofar gidanta, ta ɗago min hannu. Bakwai da kwata. Daga gidanmu zuwa ofishin rabin awa ne in babu cunkoso, ranar Litinin kuwa ba a rasa cunkoso.

Ban taɓa tsayar da tasi ni kaɗai ba. Biyu suka wuce kafin hannuna ya yarda ya ɗagu sosai. Ta uku ta tsaya. Na karanta wa direban sunan hukumar daga wayata, kalma kalma, ya ce ya san wurin. Na buɗe ƙofar baya na shiga, na matsa can ciki, na bar ƙofar a buɗe ta wajen gidanmu.

Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Mutum nawa ne, ƙanwata?"

Na rungume jakar, na ce biyu ne, ya ɗan jira.